Jawabin Maraba da Mai Girma Kwamishina Mai Kula da Yawon Buɗe Ido a Turunku Tsohuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam.

Mai girma Kwamishina, babban baƙonmu na yau, wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau, Hakiminmu, Allah ya ja zamaninka, Shugaban Ƙaramar Hukumar Igabi, dagatai da masu unguwanni, malamai da limamai, iyayenmu mata, samari da 'yan mata: Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin jama'ar Turunku Tsohuwa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, muna yi maka barka da zuwa da sannu da hanya. Labarin ƙwazonka ya riga ka isowa. Kowa ya san ba ka zaman ofis a kawo maka rahoto, da ƙafarka kake zuwa ka gani, ga shi kuwa yau ka tako har gindin dutsenmu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Tun da ka biyo hanyar da kanka, ba za mu ɓoye buƙatarmu sai ƙarshen jawabi ba. Muna roƙon a gyara mana hanyar da ta shigo daga bakin titi zuwa gindin dutse, a zuba mata burji, a yi mana kwalbati a mashigar rafin nan da motarka ta daɗe tana lallaɓawa kafin ta haye. Yanzu rani ne. Da a watan Agusta ka zo, da a can hayi za mu tarbe ka.

Ranka ya daɗe, ƙasar da kake tsaye a kanta tsohuwar fadar Zazzau ce. Kafin a san birnin Zariya a matsayin gidan sarauta, a nan Bakwa Turunku ya zauna, wanda jerin sarakunan Zazzau ya sa shi na 22, ya kuma nuna hawansa gadon sarauta a wajen shekarar 1536. Masana sun yi ta ja-in-ja a kan ko Bakwa namiji ne ko mace. Mu dai abin da muka tashi muka ji a bakin kakanninmu shi ne mahaifin Amina ne, kuma ga kabarinsa nan, za mu kai ka in an tashi. 'Ya'yansa biyu duniya ta san su. Ƙaramar ita ce Zariya, wadda birnin ya ci sunanta. Babbar ita ce Amina 'yar Bakwa ta san rana, wadda ta yi shekara 34 tana yaƙi, har tarihin Kano ya rubuta cewa Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Duk inda ta ya da zango sai ta kewaye shi da ganuwa, shi ya sa har gobe ake cewa ganuwar Amina a garuruwa da dama na ƙasar Hausa.

Me ya raba mu da sarauta? Ruwa. Tarihi ya nuna jama'a ta yi yawa, ruwan Turunku ya kasa ɗaukarta, sai fada ta yi ƙaura zuwa wajen Kufena, inda Zariya take a yau. Ba yaƙi ne ya ci mu ba, kuma ba mu taɓa jin haushin 'yan'uwanmu na birni ba, don tuwona maina ne. Abin da ke ci mana rai daban ne. A Legas an kafa mutum-mutumin Amina a gaban babban ɗakin wasanni na ƙasa. A Kakuri akwai kwalejin 'yan mata mai sunanta. A Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Legas akwai ɗakunan kwanan ɗalibai mata masu sunanta. Amma gidan ubanta, ko allo ɗaya babu a bakin titi da zai ce wa matafiyi ga Turunku Tsohuwa nan. Kufan ganuwar da ya rage ruwan sama na cinsa kowace damina, garma na cin gefensa, mu kuma muna kallo, ba mu da ƙarfin tsare shi.

Duk da haka baƙi ba su daina zuwa ba, kuma ba tarihi kaɗai ke kawo su ba. Wanda ya hau dutsen nan da sassafe a ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, kafin hazon hunturu ya rufe sararin sama, zai ga ƙasa shimfiɗe kore shar iyakar ganinsa: gonakin masara da dawa, shinkafa a fadama, ɗorawa da kaɗanya tsaitsaye a tsakiyar gonaki, shanun Fulani suna gangarawa mashaya. Hawan ba ya buƙatar igiya ko wani kayan aiki, takalmi mai kama dutse da gorar ruwa sun isa, sai kuma yaron gari da ya san inda santsi yake. Ɗalibai na zuwa daga Zariya da Kaduna tare da malamansu. Wasu kuma iska kawai suke zuwa sha.

'Yan shekarun nan mun ga wani sabon abu. Matasa masu kekunan hawan tudu, da hulunan kwano a ka, suna tasowa daga Kaduna ranar Asabar, su bi turbobin da ke ratsa gonaki daga ƙauye zuwa ƙauye. Da farko dattawanmu sun yi mamakin mai mota ya ajiye motarsa ya zo yana zufa a kan keke. Yanzu sun gane, domin waɗannan baƙi suna sayen fura da nono, da ƙosai, da rake, da gasasshiyar masara, mai faci ma yana samun na cefane. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu turbobin a bushe suke, ga sanyi. Da ruwa ya sauka kuwa shi ke nan, rafi ya raba mu da su, daidai lokacin da ƙasar ta fi kyan gani. Bara wata motar ɗalibai ta kafe a mashigar, da ƙyar samarinmu suka turo ta, yaran suka juya ba su ga dutsen ba. Kuma hanyar da ke hana baƙo shigowa ita ce ke hana mai naƙuda fita zuwa asibiti da dare. Sau biyu ana turo ma'aikata su auna wurin, su kafa turaku, su tafi. Turakun gara ta cinye su.

Ka duba inda Allah ya ajiye mu, ranka ya daɗe. Filin jirgin saman Kaduna a ƙaramar hukumarmu yake. Tashar Rigasa, inda jirgin ƙasan Abuja ke sauke fasinja tun 2016, a Igabi take. Madatsar ruwa ta Kangimi, wadda ke taimaka wa birnin Kaduna da ruwan sha, ita ma tamu ce, ga filin wasan folo na kusa da Maraban Jos da ke tara baƙi har daga ƙasashen waje. Baƙon da ya sauka a ɗaya daga cikin waɗannan wurare zai iya zuwa Turunku ya hau dutse ya koma masaukinsa a yini guda, in akwai hanya.

Muna da sauran buƙatu, za mu faɗe su a gurguje. A kewaye kabarin Bakwa da abin da ya saura na ganuwa. A kafa alluna da Hausa da Turanci. A haƙa rijiyar burtsatse da makewayi a gindin dutse, da rumfar hutawa. A koya wa samarinmu goma aikin yi wa baƙi jagora, a ƙarfafa 'yan sintirinmu, don baƙo ba ya zuwa inda hankalinsa bai kwanta ba. Amma in guda ɗaya tak za ka ɗauka ka kai gaban Mai girma Gwamna, to ka kai masa maganar hanya da kwalbati. Mun yi alkawarin yashi da dutse da ƙarfin samarinmu kyauta ranar da aka fara aiki.

Iyayenmu mata sun dama fura, tuwo ma yana kan wuta. Kafin a zauna, muna roƙon ka ba mu minti goma mu taka tare zuwa mashigar rafin, mu nuna maka alamar inda ruwa ke kaiwa a jikin bishiyar da ke bakinta.

Allah ya mai da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwamitin tarbar baƙi, a madadin jama'ar Turunku Tsohuwa.