Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Ilimi Mai Zurfi da Bincike a Ziyararsa ta Damagaram

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Minista, mai girma Gwamna, Mai Martaba Sarkin Damagaram, shugaban jami'a, malamai da ɗalibai, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, lale marhabin, sannu da hanya. Hidimarka ga ilimi ba ɓoyayya ba ce, kuma wanda ya ratso kilomita wajen 900 daga Yamai don ya ji ta bakinmu ya riga ya gwada irin shugabancinsa. Allah ya ƙara girma.

Mu malamai masu binciken zamantakewa buƙatarmu babba guda ce, kuma za mu faɗe ta tun kafin shayi ya huce: sa hannunka a takardar kafa kwamitin kula da ɗa'ar bincike, mai zama a nan Damagaram.

Garin nan ya daɗe yana karɓar masu tambaya. A ƙarshen 1852 Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka nan ya rubuta abin da ya gani. Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa, ya ƙera igwa, ayarin raƙuma na sauka Zango daga Tarabulus. Faransawa suka ci garin a 1899, suka mai da shi babban birnin ƙasa a 1911, sannan a 1926 suka kwashe mulki zuwa Yamai. Tun daga nan, ranka ya daɗe, abu ya kan tashi daga nan ne, komowarsa ce ke wuya. Sai da ɗan garin nan, marigayi André Salifou, ya zauna da dattawa ya rubuta tarihin masarautar a 1971 kafin muka ji labarinmu daga bakin namu. Sunansa jami'armu ke ɗauke da shi, kuma da hakan muke alfahari.

Yau masu tambaya sun fi na da yawa. Kowace porje da anketinta, wato tambayoyin binciken da take yi wa mutane. Ana tambayar matan Kance dalilin tafiyarsu Aljeriya, ana tambayar matasan unguwar Kara-Kara rayuwarsu a fada, wato majalisar zaman samari, ana tambayar magidantan Tanut buhu nawa ya rage a rumbu da bashin da ke wuyansu. Mutanenmu masu kunya ne, ba su korar baƙo. Ana miƙa wa tsohuwa takarda da Faransanci ta dangwala yatsa, a ce ta yarda. Da me ta yarda? An gaya mata da Hausa ko Barbarci cewa tana da ikon ta ƙi, ko ta tsaya a tsakiyar hira? Sau da yawa tana tsammanin sunanta ake rubutawa don rabon taimako.

Bayan hirar kuma sai wata damuwar. Muryoyin mutane na kwana a cikin salular ɗan anketi, a tura su ta WhatsApp, salular ta ɓace ko a sayar da ita a kasuwa. Wasu na ganin share suna ya wadatar. A ƙauye mai gida talatin, in ka rubuta shekarun mace, yawan ƴaƴanta da sana'ar mijinta, ka haɗa da alamar GPS ta ƙofar gidan, kowa ya san ko wace ce. Magana ɗaya a kan gona ko aure ta isa ta raba zumunci.

Doka tana nan: an yi ta kare bayanan mutane a 2017, aka sabunta ta a 2022, ga kuma HAPDP, hukumar da ke kula da kare bayanan. Binciken lafiya na da kwamitinsa na ƙasa a Yamai. Amma ɗalibin da zai yi hira da zawarawa a Mirya wa zai duba tambayoyinsa kafin ya fita? Shi ya sa muke roƙon kwamitin nan, mai malaman jami'a, masanin shari'a, malaman addini, wakilin fada da wakilan mata, waɗanda suka san tambayar da ba a yi wa mace a gaban surukinta.

Sauran buƙatun ƙanana ne: ɗaki mai makulli da kwamfutar ajiya da wutar sola, horo ga ƴan anketi, da sharaɗin duk wanda ya yi bincike a jihar nan ya bar kofin rahotonsa guda, ya kuma koma ya faɗa wa mutane sakamakon da harshensu. Waɗannan za su iya jiran kasafin baɗi. Kwamitin ne ba ya jira, don ɗalibai na shirin fita ƙauyuka, kuma kafa shi ba ya cin ko dala.

Daftarin takardar na cikin jakar da shugaban jami'a zai miƙa maka yanzu. Muna roƙon alfarma, ranka ya daɗe, ka duba shi kafin ka kama hanya. Allah ya mai da kai gida lafiya.

Kwamitin tarba, a madadin malamai masu binciken zamantakewa, Damagaram.