Tafkin Luwis a Lokacin Sanyi: Abin Yi, Wurin Kwana da Hanyoyin da Ba a Bi

Lacca ce da aka gabatar wa ɗalibai da sababbin zuwa daga ƙasar Hausa a birnin Kalgari na Kanada. An ɗauko ta daga faifai aka rubuta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke nan, yayyena da ƙannena, barkanmu da yamma, barkanmu da sanyi.

Abin da ya sa na amsa wannan gayyata shi ne wani hali da nake gani a wurin mutanenmu duk shekara. Da zarar Nuwamba ta kama, sai mutum ya shige ɗaka ya rufo ƙofa, daga aiki sai gida, daga aji sai ɗaki, har Afrilu. Wata biyar cur. Jiki ya yi nauyi, zuciya ta yi ƙunci, yara su liƙe wa waya. Alhali kilomita 180 kacal daga nan, tafiyar awa biyu a mota, akwai wurin da mutane ke tara kuɗin shekara daga Japan da Ingila da Ostareliya don su zo su gani. Ina so yau in gaya muku yadda ake zuwa wurin a dawo lafiya, kuma ba tare da an tatike aljihu ba.

Tafkin Luwis yana cikin gandun dajin Banf, a duwatsun Roki na lardin Albata. Shi ne gandun daji na farko da Kanada ta keɓe, tun 1885. Tafkin yana sama da mita 1,700 daga doron teku, tsawonsa kamar kilomita 2, zurfinsa ya kai mita 70. A ƙarshensa Dutsen Biktoriya ne tsaye, mita 3,464, da daskararriyar ƙanƙara a ƙirjinsa wadda ba ta ƙarewa rani da damina. Mutanen Istoni Nakoda, 'yan asalin wurin, sun san tafkin tun kafin zuwan Turawa, suna kiransa tafkin ƙananan kifaye. A 1882 ɗayansu ya kai wani ma'aikacin kamfanin jirgin ƙasa mai suna Tom Wilson bakin ruwan. Ana ba da labarin cewa abin da ya ja hankalin Wilson wata rugugi ce da ya ji daga nesa kamar tsawa, aka ce masa ƙanƙara ce ke zubowa daga dutsen da ke saman tafkin. Ku riƙe wannan rugugi a ranku, zan dawo kanta. Daga baya aka sa wa tafkin sunan Gimbiya Luwis Karolin Albata, 'yar Sarauniya Biktoriya, wadda lardin ma sunanta ya ci.

Hoton da kuka saba gani na ruwa shuɗi mai ratsin kore, wannan na bazara ne. Launin yana fitowa daga ƙurar dutse da ƙanƙara ke niƙawa, ruwan narkewa ya kwaso ta ya zuba a tafkin. Wanda ya je a Janairu yana neman wannan launi ba zai same shi ba. Fari fat zai tarar, shimfiɗe daga bakin babban otal ɗin da ke gaɓar tafkin har gindin dutse, mutane na tafiya a kai.

To, yaya ruwa mai zurfin mita 70 ke ɗaukar mutane? Ikon Allah ne a halittar ruwa. Ruwa ya fi nauyi idan sanyinsa ya kai digiri 4, shi ya sa mai wannan sanyin ke nutsewa ƙasa, wanda ya fi shi sanyi ya taso sama ya daskare. Sama ta zama murfi, ƙasa ta zauna ruwa, kifi na rayuwarsa a ciki. Ƙungiyar agaji ta Red Cross a Kanada ta ba da ma'auni: kaurin ƙanƙara santimita 15 ga mutum ɗaya mai tafiya ko zamiya, 20 ga taron jama'a. A tsakiyar sanyi ƙanƙarar Luwis ta wuce haka. Inda ake taka tsantsan shi ne farkon lokaci da ƙarshensa, da kuma bakin da ruwa ke shiga ko fita, don ruwa mai gudu ba ya daskarewa da kyau.

Abu na farko da nake ba kowa shawara, kuma a ganina ya fi komai daɗi a wurin, kyauta ne: ka taka a ƙafa. Akwai hanya a gefen tafkin, shimfiɗaɗɗiya ba hawa, kilomita 2 zuwa, 2 dawowa. Idan sanyi ya kai 25 ƙasa da sifili, dusar ƙanƙara takan bushe ta riƙa yin ƙara a ƙarƙashin takalmi, ƙiiƙ, ƙiiƙ, kowane taku. Numfashin farko za ka ji gashin hancinka ya ɗaure. Keken doki zai wuce ka, manyan dawakai biyu na jan sa ba taya, sai ƙarfe mai sulɓi, fasinjoji lulluɓe da barguna, raɓa ta daskare a gashin bakin dawakan ta yi fari. Can ƙarshen tafkin akwai ruwa mai zubowa daga dutse da ya daskare a tsaye, za ka ga mutane rataye a jikinsa da igiya, gatari a kowane hannu, ƙusoshi a takalmi. Wannan kallo kawai za ka yi.

Sai zamiya da takalmi mai wuƙa a ƙasa. A gaban babban otal ana share fili a kan tafkin, yawanci daga tsakiyar Disamba zuwa wajen Afrilu gwargwadon yanayi, a gina ɗan gidan sarauta na ƙanƙara a tsakiya. Filin na kowa ne, ba sai wanda ya sauka a otal ba, takalmin kawai za ka yi haya. Yaranku da aka haifa a nan za su koya kafin ku gama ɗaure igiyar naku. Ku bar su su faɗi, ku sa musu hular kwano.

Gudun ƙanƙara iri biyu ne, kuma mutanenmu sukan haɗa su. Akwai na gangarowa daga dutse, wanda filinsa ke tsallaken kwari, eka 4,200, ɗaya daga cikin mafi girma a Kanada, inda aka yi shekaru ana gasar cin kofin duniya. Wannan yana da tsada, tikitin kujerar da ke ɗaga mutum zuwa saman dutse daban, hayar kaya daban, malami daban. Kuma kada wanda ya ce abokinsa zai koya masa. Ka biya malami a ranar farko, gwiwarka ta fi kuɗin. Akwai kuma na tafiya a kwance, da sirarran katakai da sanduna biyu, a kan layi biyu da injin ya shata. Shi na fi so wa sabon shiga. Hanyar motar da ke zuwa Tafkin Moren ana rufe ta duk lokacin sanyi, sai ta koma hanyar wannan wasa. A nan ma akwai inda aka ce a tsaya a juyo, don gaba hanyar zaftarewar ƙanƙara daga dutse ce.

Yanzu mu dawo kan rugugin nan, don ita ce dalilin tsayuwata a gabanku.

Dusar ƙanƙara ba a dunƙule take ba, hawa-hawa take kwanciya. Ta yau ta hau kan ta makon jiya, ta makon jiya ta hau kan ta Nuwamba. A wannan yanki sanyi mai tsanani ne, dusar kuma ba ta cika kauri ba, shi ya sa ta ƙasa takan rube ta zama gari-gari kamar sukari, ba ta riƙe komai. Sai iska ta zo ta danne ta sama ta zama falle mai tauri. Mutum ɗaya ya taka inda bai kamata ba, fallen ya tsage, gefen dutse gaba ɗaya ya taho. Idan ta tsaya takan sandare, wanda ta binne ba ya iya ko motsa yatsa, kuma bayan kamar minti 15 damar fito da shi da rai tana raguwa ƙwarai. Masu ceto ba za su iso cikin minti 15 ba. Abokin tafiyarka ne zai haƙo ka, idan yana da na'urar gano wanda aka binne, da sandar tsokaci, da shebur, kuma ya koyi aiki da su.

Ga inda tarkon yake. Ka buɗe waya ka nemi wuraren gani a Luwis, za ta nuna maka gidan shayi na Tafkin Agnes da hanyar da ke bi ta bayan tafkin zuwa filin ƙanƙara shida. Hotuna masu kyau, dubban mutane sun yaba. Duk a bazara suka je. Gidan shayin a rufe yake lokacin sanyi, hanyoyin kuma suna ratsa inda dutse ke zubar da kayansa. Za ka ga sawun mutane ya wuce allon gargaɗi ya ci gaba, zuciya ta ce maka ai wasu sun bi. Sawu ba shaida ba ne, ba ka san ranar da mai shi ya bi ba, ba ka san abin da ya sani ba. Hukumar gandun daji da Avalanche Canada, ƙungiyar da ke sa ido kan zaftarewar ƙanƙara, suna fitar da rahoto kullum, mataki biyar, daga ƙaramin haɗari zuwa mafi muni. Ku karanta. Idan kuna son shiga daji da faffaɗan takalmin nan mai hana nutsewa, ku tsaya a ofishin baƙi da ke ƙauyen Luwis, ƙasa da tafkin, ku tambayi hanyoyin da aka amince da su a sanyi, ko ku ɗauki jagora.

Wannan darasi tsoho ne a wurin. A 1896 wani lauya Ba'amurke, Filib Abbot, ya faɗo daga Dutsen Lefroy da ke gefen tafkin ya mutu. Bayan haka kamfanin jirgin ƙasa ya ɗauko ƙwararrun jagorori daga Suwizalan a 1899, don kada baƙinsa su riƙa hawa su kaɗai.

Batun kwana. Sai kun fahimci abu ɗaya kafin ku gane tsadar wurin: cikin gandun daji ne, ba a gini yadda aka ga dama, ko zama a ƙauyen ma sai wanda aikinsa ke wurin. Ɗakuna kaɗan, masu nema da yawa. Babban otal ɗin da ke bakin ruwa, Fairmont Chateau Lake Louise, ya fara ne da ɗan gidan katako a 1890, gobara ta ci wani ɓangarensa a 1924, aka sake gini da kankare. Shekara da shekaru a bazara kawai yake buɗewa, sai a 1982 ya fara aiki duk shekara. Ɗakunansa sun haura 500. Mai hali ya kwana, zai farka ya ga tafkin ta taga kafin kowa ya iso, kuma wannan abu ne mai daraja. Amma ba na so ɗalibi ya ci bashi don hoto.

Kilomita 4 zuwa 5 a ƙasa akwai ƙauyen, da ƙananan otal-otal da masaukin matafiya na ƙungiyar Hostelling International (HI), inda ake biyan kuɗin gado maimakon ɗaki, akwai kuma ɗakunan iyali. Abin da ya sa nake yabon wannan masauki shi ne kicin. Naman halal ba shi da sauƙin samu a can sama, a Kalgari kuwa ga shi ko'ina. Ki dafa miyarki a gida, ki zuba a kula, ki tafi da shinkafa, an gama. Idan kuma kun shiga gidan abinci kuka ga narkakken cukun nan na Suwizalan da ake tsoma burodi, ku tambaya, don bisa al'ada da giya ake haɗa shi. Garin Banf yana da nisan kilomita 57, masaukai sun fi yawa, akwai bas na Roam mai zirga-zirga tsakaninsu. Ranakun tsakiyar mako sun fi sauƙi, hutun Kirsimeti da sabuwar shekara kuwa sai wanda ya kama ɗaki tun da wuri.

Akwai wani masauki da zan ambata don ku san da shi, ba don ku tafi bana ba. Skoki sunansa, gidan gungumen itace da aka buɗe a 1931. Mota ba ta zuwa, kilomita 11 ake yi a kan katakon zamiya, a haye mashigin dutse biyu. Babu lantarki, babu famfo, sai murhun itace da fitila. Yarima Wiliyam na Ingila da matarsa sun kwana a can a 2011.

Sutura kuwa, ku manta da abin da muka sani na hunturu, inda rigar sanyi ɗaya da hula suka wadatar. Hawa uku ake sawa: na jikin fata wanda ba ya riƙe gumi, na tsakiya mai ɗumi, na waje mai tare iska. Auduga ba ta shiga lissafi, idan ta jiƙe da gumi ita za ta daskarar da kai. Safar hannu mai haɗe yatsu ta fi mai rabawa. Hajiya, hijabi da doguwar riga ba sa hana komai, a sa wandon sanyi a ciki, a ɗora jaket a sama. Hukumar yanayi ta ce idan sanyi da iska suka kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Ku riƙa duba kunnuwa da kumatun yara. A fatarmu alamar ba ta fitowa da wuri kamar a ta Bature, don haka ku taɓa: idan wurin ya yi tauri, ya dushe, yaron kuma ya ce ba ya jin komai, a shiga ciki nan take, a ɗumama a hankali, kada a murza. Waya a sa ta aljihun ciki, sanyi na shanye batir.

Wani ɗan'uwa ya tambaye ni a waje game da salla. A Disamba rana takan fito wajen tara saura kwata, ta faɗi kafin biyar na yamma, duwatsu kuma su tare ta tun kafin nan. Azahar, la'asar da magariba duk cikin awa huɗu suke. Ka yi alwala a masauki kafin ka fita, ka goge jiki ya bushe sarai, kada ka fita da damshi a hannu ko gemu. Hukuncin kasaru da shafar huffi, ga malamai nan zaune, a tambaye su kafin tafiya.

Mota: tayar sanyi, tanki cike, bargo da ruwa da abinci a baya, takardar shiga gandun daji a gilashi. Ku bar Kalgari bayan asuba, ku kamo hanyar dawowa da sauran haske. Masu son haɗa mota a watan Janairu su rubuta suna a takardar da ke bakin ƙofa, mai mota ya nuna kujera nawa gare shi.

Na gode da sauraro. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.