Yadda za ka hana kod ɗinka rubutu a kan sakamakon jiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar folda za mu yi, foldar da kod ɗinka yake zuba sakamako a ciki.

Bari mu ɗauki misali. Ga ɗan kod na Python, yana buɗe fayil mai suna sakamako.csv da harafin w, wato don rubutu: open('sakamako.csv', 'w'). Wannan w ɗin fa ba ya tambayar kowa, yana buɗe fayil ɗin zai kwashe duk abin da ke ciki tun kafin ya rubuta ko layi ɗaya, kenan ko kod ɗin ya maƙale a tsakiya, na jiya ya riga ya tafi na yau kuma bai kammala ba. Kar ma ka wahalar da kanka zuwa Recycle Bin, ba ya can, domin a wurin kwamfuta ba goge fayil aka yi ba, rubutu aka yi a kansa. Alamar > ma haka take yi a bash, wato manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni a cikinta.

Wasu sai su koma sa suna da hannu, sakamako_sabo, sakamako_sabo2, sakamako_na_karshe. Bayan sati biyu kai kanka ba ka san wanne ne wanne ba.

Abin da ya fi shi ne duk lokacin da ka kunna, kod ɗin ya ƙirƙiri sabuwar folda da kansa, sunanta kwanan wata da lokaci. Shekara farko, sai wata, sai rana, wato tsarin ISO 8601, kamar haka: 2025-03-09_14-05-30. Dalili? Idan kwamfuta ta jera su bisa suna, sun jeru bisa lokaci kenan. Ka sa rana a farko sai ka ga 01 ga Afrilu ta hau saman 09 ga Maris. Sifilin nan na gaban 3 da 9 kar ka cire shi, shi ke riƙe jerin. Kuma kun lura ban sa ɗigo biyu (:) a tsakanin awa da minti ba, Windows ba ya karɓar su a sunan fayil.

To ga inda nake so ku nutsu sosai. os.makedirs, wato umarnin Python mai ƙirƙirar folda, idan ya tarar da foldar tana nan zai tsaya ya ba ka FileExistsError, sai mutane su ji haushi su liƙa masa exist_ok=True don ya yi shiru. Don Allah a foldar sakamako kar ku yi haka, wannan kukan da yake yi shi ne mai gadinka. Yana iya faruwa ka kunna aiki biyu a daƙiƙa ɗaya su yi karo a suna, sai ka ƙara lambar PID, wato lambar da kwamfuta ke ba kowane aiki da ke gudana, a ƙarshen sunan. Fayil ma akwai harafin x maimakon w, idan fayil ɗin yana nan zai ƙi buɗewa.

A cikin kowace folda kuma ka ajiye kwafin saitin da ka yi aiki da shi da lambar commit ta Git (manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod), wato lambar da ke nuna sigar kod ɗin da ka kunna, in ba haka ba wata rana za ka ga sakamako mai kyau ka rasa yadda aka yi ya fito.

Foldojin nan suna cin wuri fa, ka riƙa share tsofaffin da ba ka buƙata, babbar foldar kuma ka sa sunanta a .gitignore, wato fayil ɗin da ke gaya wa Git abin da zai ƙyale, kar ta bi kod ɗinka zuwa GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet.