Ɗan'uwan ƙuduji da bai cika fure ba sai wuta ta bi ta kansa

Assalamu alaikum. Jama'a, a cikinku duk wanda ya taɓa noman dawa ko gero ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya kuma san takaicinsa. To yau labarin wani ɗan'uwansa na kawo muku, dangi ɗaya suke a lissafin masana tsirrai. Shi wannan a Amurka yake, kuma mutanen can kuɗi suke kashewa don kada ya ƙare.

Sunansa Schwalbea americana, sunan da masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa masa a 1753. Tsayinsa bai cika wuce santimita 60 ba, kara ne miƙaƙƙe mai gashi-gashi, furensa rawaya da shunayya a gauraye. Yana da koren ganye, yana haɗa abincinsa, amma ruwa da gishirin ƙasa sai ya laƙa saiwarsa a saiwar maƙwabci ya tsotsa.

Gidansa dajin itacen fayin (pine) mai dogon ganye ne na kudu maso gabashin Amurka. Dajin nan a da ya kai eka miliyan 90, daga jihar Bajiniya har jihar Tekzas. Yau abin da ya saura bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Sara da noma sun ci nasu, amma akwai wata ɓarnar da ba a gane da wuri ba, wato hana wuta. Daji ne da tsawa ke kunna masa wuta duk bayan 'yan shekaru, 'yan asalin ƙasar ma suna kunnawa. Itatuwan a warwatse suke, rana na sauka har ƙasa. Da hukuma ta dage da kashe kowace wuta, sai sarƙaƙiya ta rufe ƙasa, busasshen ganye ya taru, ƙananan tsirrai suka shaƙe. A 1992 aka sa wannan fure cikin jerin masu fuskantar ƙarewa.

Ku ji abin mamaki. Ɗaya daga wuraren da ya fi yawa yau shi ne barikin soja na Fort Bragg a Karolina ta Arewa, a filin da ake gwajin harbi, domin harsasai na yawan tayar da wuta a can.

Me wutar ke yi masa? Masu bincike a cibiyar Jones da ke jihar Jojiya sun bi diddigi. Sun gano cewa idan aka yanke karan, aka kuma share ƙasa haske ya samu shiga, yakan yi fure ko ba a ƙona ba. Ashe aikin wutar biyu ne, ta cinye tsohon kara, ta buɗe wa rana hanya. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, sai ta tofo da ƙarfi. In ba wuta, zai fito siriri, shekara ta wuce ba fure, ba iri.

Wajen shuka shi kuwa, nan ya bambanta da namu. Irin ƙuduji sai ya ji alamar saiwar hatsi kusa kafin ya tsiro, shi kuwa wannan yana tsirowa shi kaɗai. Wahalar tana zuwa bayan nan, don in bai samu saiwar da zai kama ba, sai ya tsaya ɗan ƙyas, yawanci ya mutu. Shi ya sa masu renonsa ke haɗa shi tukunya ɗaya da tsiron da yake so, musamman wata ciyawa mai suna Pityopsis graminifolia, kafin a dasa su tare.

Na ga wani malami can baya yana murmushi. A'a, ranka ya daɗe, ban ba masu farautar gafiya lasisin cinna wa daji wuta ba! Waccan wuta ce da ake tsarawa: a duba iska, a duba laimar ƙasa, a share iyaka, ma'aikata na tsaye da ruwa har ta mutu. Yanzu sai tambayoyi.