Idan Lauyan Gari Ya Rasu: Amanar Ofis da ta Gida

Ku dubi ofishin nan. Ɗaki biyu ne a bakin hanyar da ta nufi kotu, irin wanda za ku gani a Gidar, ko Mora, ko Yagwa, ko Meiganga. Baƙar rigar lauya tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, farin ƙyallen wuyanta ya ɗan yi ƙura. A kan tebur ga littafin ranakun shari'a a buɗe, an rubuta ƙara uku da jan biro a ranar Talata mai zuwa. Mai ofishin kuwa, jiya bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa.

A ƙaramin gari a arewacin Kamaru, lauya ba ya zaɓen aiki. Yawancin abokan aikinsa suna Duwala da Yawunde, shi kuwa a nan shi ne na rikicin gona, shi ne na yaron da aka tsare, shi ne na ɗan kasuwar da aka ci bashinsa, shi ne kuma wanda ake kawo wa takardar Faransanci bayan magariba ya fassara a ƙofar gida ba tare da ya karɓi ko dala ba. Metir ake kiransa, wato laƙabin lauya da Faransanci. Kafin ya kai nan sai da ya yi karatun shari'a a jami'a, ya ci jarrabawa, ya yi shekara biyu yana koyon aiki a ƙarƙashin wani lauya, kamar yadda dokar 19 ga Disamba 1990 ta tsara, ya kuma yi rantsuwa a gaban kotun ɗaukaka ƙara. Ranar da irin wannan mutum ya faɗi, gida biyu ne suka yi rashi: wanda ake zaman makoki a cikinsa, da wannan da ke kulle, cike da takardun mutane.

Mu fara da na kulle, domin shi ne aka fi mantawa.

A kwana ukun farko hankalin kowa yana wajen karɓar gaisuwa, kuma haka ya dace. Amma tun ranar jana'iza a ware mutum ɗaya mai natsuwa, ƙanin mamaci ko babban ɗansa, ya je tare da sakataren ofis a kulle ƙofa, a tattara makullai duka a hannu ɗaya, har da na akwatin ƙarfe da na durowa. Hatimin ofis, da takardun da ke ɗauke da sunan Metir a kai, da littafin cak, a kulle su daban. Takarda mai sunan lauya da hatiminsa idan ta faɗa hannun mugu, sai a yi ta'adi da sunan wanda yake kabari.

Daga nan a sanar da ƙungiyar lauyoyi. A Kamaru ƙungiyar guda ɗaya ce ga ƙasa baki ɗaya, shugabanta shi ake kira Batoniye, kuma yana da wakilai a yankuna. Wakilin ne za a kira, a kuma rubuta masa wasiƙa. Ta wannan hanya ake samun lauyan da zai zo ya duba ofis, ya tsaya wa shari'o'in da ke gudana kafin masu su su zaɓi wanda suke so.

Me ya sa ake gaggawa haka alhali ana cikin hawaye? Saboda wannan littafi mai jan biro. A shari'ar laifi, dokar 2005 ta ba da kwana goma kacal a ɗaukaka ƙara bayan yanke hukunci. A ce ranar Litinin aka yanke wa wani hukunci, Metir ya ce masa kada ya damu, zai shigar da takarda, ranar Laraba kuma Allah Ya karɓi abinsa. Mutumin yana gidan yari yana jiran lauyansa, bai ma ji labarin rasuwar ba. Kafin a yi sadakar bakwai, saura kwana ɗaya ko biyu wa'adi ya cika. Kada kowa ya dogara cewa mutuwar lauya za ta tsayar da lissafin kwanaki. Abu na farko da lauyan da ya zo zai yi ke nan: ya buɗe littafin, ya ware duk abin da ke cikin mako biyu masu zuwa, ya je wurin akawun kotu ya nemi ɗage zama inda ya kamata, ya kuma aika wa waɗanda ke tsare.

Yanzu ga dosiyoyi, wato fayil-fayil na takardun masu ƙara, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

Dosiye ba kayan gado ba ne. Abin da ke ciki na mai ƙara ne, kuma sirri ne. Sashi na 310 na dokar laifuka ta Kamaru ya tanadi hukunci kan tona sirrin aiki, kuma sirrin da aka ba lauya ba ya ƙarewa don lauyan ya mutu. A gari ƙarami wannan magana tana da nauyi, domin dosiyen da ɗan mamaci zai buɗe don son sani, yana iya zama na maƙwabcinsu, ko na mijin gwaggonsa. Ko da ɗan yana karatun shari'a a Jami'ar Ngaundere, bai halatta ya karanta ba. Aikin iyali shi ne tsarewa, buɗewa ta lauya ce.

Tsarewar ma tana da ƙa'ida. Kada a jibge dosiyoyi a ƙasa ko a jingina su da bango, domin gara ba ta buƙatar wata biyu kafin ta mai da kwali ƙasa. A ɗora su kan katako ko a sa su cikin akwatin ƙarfe. Idan rasuwar ta zo da damina, wajen Agusta da Satumba, a duba rufin, domin ɗigo ɗaya kan tawada ya isa ya share sa hannun shaida. Kada kuma a yi saurin mayar wa mai gida da ɗakin don gudun kuɗin haya. A biya wata biyu ko uku, ya fi a kwashe takardu cikin buhu.

Abin da ya fi kome tsada a cikinsu shi ne takardun asali: takardar mallakar fili, takardar aure, rasit na bashi, yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Tsohuwar da ta kawo takardar gidanta a naɗe cikin leda, ta ba Metir da hannu biyu, ba ta da wata. Don haka a buɗe babban littafi, a ja layi: sunan mai dosiye, abin da aka mayar masa ɗaya bayan ɗaya, rana, lambar katin shaidarsa, sa hannu ko dangwalen yatsa. Wanda aka aiko, sai ya zo da takardar wakilci. Inda ake samun matsala shi ne ranar da wani ya zo da kuka da gaggawa, aka miƙa masa dosiye, daga baya aka gane abokin shari'ar ne.

Sai kuɗi. Lauya yakan riƙe kuɗin da ba nasa ba: diyyar haɗarin mota da kamfanin inshora ya biya ta hannunsa, ko bashin da ya karɓo wa wani. Wannan kuɗi amana ne, ba ya shiga rabo ko da an same shi a asusun mamaci. Haka kuɗin kafin alƙalami da aka ba shi kan aikin da bai kai ga yi ba, a lissafa a mayar da abin da ya rage. A ɗaya ɓangaren, akwai waɗanda ya gama wa aiki ba su biya ba, wannan kuwa haƙƙin magada ne, a nema da rasit da ladabi. Sakatare da ɗan aike su ma a biya su albashinsu, a kuma duba ko an zuba musu kuɗin CNPS, wato asusun fanshon ma'aikata, har watan ƙarshe. Su ne suka san inda kome yake, kuma su ma sun yi rashin uba.

To, mu koma gida.

Takardar farko ita ce shaidar mutuwa daga meri, wato ofishin magajin gari. Gyaran dokar 2011 ya sa wa'adin kwana 90 a kai rahoton rasuwa. Idan ya wuce, sai an bi ta kotu, ga ɓata lokaci ga kashe kuɗi. A yi ta a makon farko, a kuma yi kwafi da yawa a buga musu hatimi, domin banki zai nema, kotu za ta nema, ofishin filaye ma haka.

Bayan nan sai taron dangi. A zauna a rubuta sunan kowane magaji, a zaɓi wanda zai kula da dukiya kafin rabo, a zaɓi mai riƙon yaran da ba su balaga ba, kowa ya sa hannu, a kai wa hukuma ta tabbatar. Da wannan takarda, da shaidar mutuwa, da takardar aure, da takardun haihuwar yara, da shaidu, ake zuwa kotu neman hukuncin da ke bayyana magada. A rubuce za ku ga jugement d'hérédité. Bayan an samu, sai wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, akawun kotu ya ba da shaidar cewa babu wanda ya ɗaukaka, sannan banki ya buɗe asusu, sannan a iya sauya suna a takardar fili.

Abu biyu ke tsayar da wannan tafiya. Na farko, matar da aka ɗaura aurenta a masallaci ba a kai meri ba, ko ɗan da ba a yi wa takardar haihuwa ba. Addini ya san su, takarda ba ta san su ba. Kada dangi su yi amfani da wannan giɓi su fitar da su, a rubuta su a takardar taron dangi, a nemi shawarar lauya kan yadda za a gyara. Na biyu, zaɓin kotu. Akwai kotun da ke yin hukunci da al'adar masu shari'a, inda masu ba alƙali shawara kan al'ada ke zama tare da shi, akwai kuma babbar kotu mai bin rubutacciyar doka, inda ɗa namiji da 'ya mace rabonsu ɗaya. Magaji ɗaya yana iya ƙin ta farko tun a farkon zama, sai magana ta koma ta biyu. Shi ya sa ya fi kyau a gama fahimtar juna a zaure, a gaban malami, kafin a taka matakalar kotu. A kuma karanta takardar aure da kyau, domin idan an rubuta tarayyar dukiya, akwai kason da matar za ta iya nema tun kafin a zo maganar gado.

Ga iyalin da suka yarda a raba bisa shari'ar Musulunci, jerin a bayyane yake: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. Ga misali. Bayan an fitar da duk wannan, saura miliyan 24 na sefa. Ya bar mata biyu, 'ya'ya maza biyu, mata uku, iyayensa sun riga shi. Matan suna da tumuni, wato miliyan 3, kowacce miliyan ɗaya da rabi. Saura miliyan 21 a kasa bakwai: kowane namiji miliyan 6, kowace mace miliyan 3. Da mahaifiyarsa tana raye, da sudusi nata ne, miliyan 4, kafin a zo kan yara. Matan kuma suna takaba wata huɗu da kwana goma a ɗakinsu, mai ciki sai ta haihu. Kada a tayar da maganar sayar da gida suna cikin wannan hali.

Wata magana da ake jin nauyin faɗa: abincin sadakar uku, ko bakwai, ko arba'in, ga gidajen da ke yi, kada a ɗebo shi daga dukiyar da marayu ke da haƙƙi a ciki. Babban da yake so ya yi, ya yi daga aljihunsa.

Abokan aikinsa su ma suna da tasu bankwana. Tunda gawar Musulmi ba ta kwana, ba su samun damar taruwa kafin jana'iza, sai daga baya a shirya zama na musamman a kotu, lauyoyi su zo cikin baƙaƙen riguna, a karanta tarihinsa a gaban iyalinsa. Wannan tarihi yana son shiri. A nemo shekarar haihuwa, makarantar allo da ta boko, ranar rantsuwa, lauyan da ya koya masa aiki, waɗanda shi kuma ya koyar. A tambayi akawun kotun da ya daɗe, a tambayi sakatare, a tambayi uwargida, domin ita ta san dare nawa ya kwana kan takardu da fitila, ta san 'ya'yan dangi nawa ya biya wa makaranta. A faɗi irin shari'o'in da ya tsaya wa talaka kyauta, amma ba tare da sunan kowa ba, sai wanda ya miƙe da kansa ya ce ni ne.

Littattafan dokarsa a ba matashin lauyan da ya koya a hannunsa, ko a kai ɗakin karatun jami'a a Marwa ko Garwa, bayan magada sun yarda, domin su ma dukiya ne. Kafin a bayar a kaɗa kowane littafi shafi-shafi, lauyoyi sukan cusa rasit da wasiƙun mutane a tsakiya. Kwamfuta da wayarsa kada a miƙa wa yara sai lauyan da ke kula da ofis ya kwashe abin da ke ciki. Idan dosiye na ƙarshe ya koma hannun mai shi, aka sa hannu a layin ƙarshe na babban littafi, sai a sauke allon suna daga bakin ƙofa, a mayar wa mai gida makulli, a naɗe rigar a kai wa iyalinsa.