Aubrac: Tudun Makiyaya a Kudancin Faransa

Masu kallo, barkanmu da warhaka. A yau za mu nufi kudancin Faransa, zuwa wani tudu mai faɗi da ake kira Aubrac, wanda ya ratsa gundumomi uku, wato Aveyron da Cantal da Lozère. Ita Lozère ce gundumar da ta fi ƙarancin jama'a a duk ƙasar, domin mazaunanta ba su kai dubu 80 ba. Akasarin tudun ya haura mita 1,000, kuma ƙololuwarsa, Signal de Mailhebiau, ta kai mita 1,469.

Duk mai son fahimtar wannan yanki, sai ya fara da shanunsa, domin su ne suke tsara wa mutane shekara. Launinsu ruwan ƙasa ne mai haske, suna da dogayen ƙahoni, kuma gefen idanunsu baƙi ne kamar an ranbaɗa musu kwalli. A wajajen 25 ga Mayu ake kora garkuna daga kwari zuwa makiyayar da ke kan tudu, bayan an ƙawata su da furanni da ƙararrawa, kuma a al'adance ba sa saukowa sai 13 ga Oktoba. Bikin hawan nan abin kallo ne, amma a ranar ne ƙauyen Aubrac yake cika maƙil da baƙi, saboda haka mai neman natsuwa gara ya zo a Yuni ko Satumba.

Ɗakunan dutsen da kuke gani a warwatse cikin ciyawa, sunansu buron. A da, a cikinsu makiyaya suke zama tsawon bazara, suna tatsar nono suna yin cuku. Sana'ar ta kusa mutuwa a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da samari suka riƙa tafiya Paris neman aiki, har sai da wasu matasan makiyaya suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta Jeune Montagne a 1960, wadda ta farfaɗo da cukun Laguiole. Wasu daga cikin ɗakunan sun koma gidajen abinci, inda ake tuƙa aligot, wato dafaffen dankalin turawa da ake haɗawa da sabon cuku da tafarnuwa, a yi ta tuƙi har ya riƙa yauƙi. Sai dai galibi da naman alade ake kawo shi, don haka ya kamata Musulmi ya tambaya tukuna, ko ya nemi a ba shi zalla.

Tun kafin masu yawon buɗe ido, masu ziyarar ibada na Kirista ne suke ratsa tudun a ƙafa, daga Le Puy-en-Velay zuwa Santiago de Compostela a Sifen. A wajajen 1120 wani basarake mai suna Adalard ya kafa masaukin matafiya a nan, saboda hazo da dusar ƙanƙara da 'yan fashi da suke halaka mutane, kuma a cocin wurin akwai ƙararrawar da ake kaɗawa domin wanda ya ɓace ya bi sautinta. Tafiyar kilomita 17 a kan wannan hanyar masu ziyara, daga ƙauyen Nasbinals zuwa na Saint-Chély-d'Aubrac, wadda UNESCO ta saka cikin kayan tarihi na duniya a 1998, ita ce a ganinmu ta fi cancantar wuninku.

Garin Laguiole ya shahara da wuƙar aljihu mai naɗewa, amma da yake jabu ya yi yawa a kasuwa, ku saya a maƙera inda za ku ga ana ƙera ta. A Chaudes-Aigues kuwa, akwai maɓuɓɓugar da zafin ruwanta ya kai digiri 82.

Babbar hanyar A75 ta bi ta gabashin tudun, kuma jirgin ƙasa yana tsayawa a Aumont-Aubrac, sai dai ba ya yawan zuwa, motocin haya ma ƙalilan ne, saboda haka ɗaukar hayar motar da za ku tuƙa da kanku ya fi sauƙi. Shagunan ƙauye sukan rufe da tsakar rana, kuma ko a watan Yuli dare yakan yi sanyi, don haka ku taho da rigar sanyi da takalmi mai ƙwari.