Kujerar ƙaramin minista: wa ke hawanta, kuma ina take kai shi?

Jama'a masu sauraro, duk lokacin da aka rantsar da sabuwar majalisar ministoci, ido kan koma ga wanda ya samu ma'aikatar kuɗi ko ta tsaro. Ba kasafai ake tambayar su wane ne ƙananan ministoci ba, balle daga ina suka fito. Alhali a nan ake gane ko gwamnati na renon shugabannin gobe ne ko kuwa sallamar magoya baya kawai take yi.

A Birtaniya, daga cikin 'yan majalisar dokoki ake ɗauko minista, kuma galibi daga ƙasa yake farawa. Margaret Thatcher ta soma ne a 1961 a matsayin ƙaramar minista a ma'aikatar fansho. Rishi Sunak ya zama ƙaramin ministan ƙananan hukumomi a 2018, kafin ƙarshen 2022 ya zama firaminista.

A Najeriya abin ya sha bamban. Sashe na 147 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta a ba kowace jiha minista, ma'aikatun kuwa sau da yawa ba su kai yawan waɗanda aka naɗa ba, sai a haɗa mutum biyu a ma'aikata ɗaya. Shi ya sa masu hawa kujerar suke da tarihi iri-iri. Akwai ƙwararru irin su Dakta Muhammad Ali Pate, wanda ya jagoranci hukumar kula da lafiya a matakin farko, ya zama ƙaramin ministan lafiya a 2011, ya ajiye aikin a 2013, sannan ya dawo babban minista a 2023. Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed, akanta ce da ta shugabanci hukumar NEITI mai sa ido kan kuɗaɗen shigar mai da ma'adinai, ta yi ƙaramar ministar kasafi daga 2015 har ta karɓi ma'aikatar kuɗi a 2018. Waɗannan sun koyi aikin tun daga ciki. Akwai kuma tsofaffin gwamnoni, kamar Timipre Sylva da Bello Matawalle, mutanen da suka saba ba da umarni, sai ga wani a samansu.

To, a nan gizo ke saƙar. Ibe Kachikwu, ƙaramin ministan man fetur na lokacin, wanda ya baro kamfanin mai na ExxonMobil, ya rubuta wa Shugaba Buhari wasiƙa a 2017 yana kokawa cewa shugaban kamfanin NNPC na tsallake shi wajen manyan shawarwari. Festus Keyamo ma, ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin, a zaman bankwana na majalisar zartarwa a 2023, ya faɗa ƙarara cewa tsarin mulki bai san muƙamin ƙaramin minista ba.

Wannan ƙorafi yana da tushe. Idan har za a ci gaba da naɗa su, ya kamata takardar naɗin kowannensu ta fayyace hukumomin da ke ƙarƙashinsa da kasafin da zai sa wa hannu, a kuma bayyana wa jama'a, domin majalisar dattawa da ta tantance shi ta san abin da za ta tuhume shi a kai.